Abin da Nake Faɗa a Bayan Rumbu

Uwata ba ta taɓa kiran sunana ba, ko sau ɗaya. Ni ce 'yar fari, kuma a wurinmu, Maguzawan da ke zaune a gidajen gona kewayen Ƙarfi, macen da ta san ciwon kanta ba ta kiran sunan ɗan farinta, ba ta kallonsa ido cikin ido, ba ta zama hira da shi. Ba ƙi ba ne, kunya ce. Ana yaye ni aka miƙa ni gidan kakata, wanda gona ɗaya ce tsakaninsa da namu. Na tashi cikin ƙannen uwata, abin da na ji suna ce mata shi na ɗauka: Yaya. Har ta bar duniya ban ce mata Inna ba. Ita kuma in magana ta kama dole sai ta ce "waccan", ko "ɗiyar nan", tana duban wani wuri dabam kamar da danga take.

Jikokina in na ba su wannan labari sai su kwashe da dariya, su ce to ta yaya na san tana so na? Yaran zamani ke nan, sai an faɗa musu da baki an kuma maimaita. Na sani mana. Gyaɗar da ta fara nuna a gayaunarta, 'yar gonar da take nomawa don kanta bayan an tashi daga gandu, ni ake aiko wa a ƙoƙo, ba saƙo ba gaisuwa. Da ƙyanda ta kwantar da ni, yini uku ta yi a ƙofar ɗakin kakata tana dakan da ba wanda ya sa ta. Ba ta leƙo ba, ba ta kuma tafi ba. Sautin taɓaryarta nake ji har barci ya ɗauke ni.

Gajeriya ce, baƙa, ga ƙarfi kamar me. In aka jera a gona, maza da yawa bayanta suke kallo. Bakinta kuwa kowa ya ɗanɗana, har babana, ni kaɗai na tsira. Ba ta sallah, ba ta taɓa ganin coci ba. Ta san akwai Allah, amma a ganinta yana can sama nesa, harkarsa ta wuce kukan mace mai gayauna. Iskoki su ne na kusa, su ake yanka wa jan zakara a gindin tsamiya kafin shuka. Ita ke dafa giyar gayya. Ina faɗar wannan duka ne don wanda zai yanke mata hukunci ya san wadda yake yanke wa. Ya kuma sani baƙo bai taɓa wuce ƙofarta da yunwa ba. Fataken Musulmi da ke zuwa sayen dawa, tukunya ta musamman ta ajiye musu wadda giya ba ta taɓa shiga ba, ta kama kaza ta miƙa musu su yanka da hannunsu don su ci da kwanciyar rai. Ba wanda ya koya mata haka.

Shekara biyu bayan samun mulkin kai aka yi mini aure da wani saurayi Bamaguje daga wata unguwa kusa da Malumfashi, inda gidaje da dama suka riga suka karɓi bishara. Babana bai damu ba. Tambaya ɗaya ya yi: yaron yana noma? Aka ce yana yi. Ya ce to ya je ya bi duk abin da zai bi.

Cocinsu ɗakin jinka ne da bencin ƙasa. Mai bisharar, wanda kowa ke ce wa Malam, siriri ne mai tsohon keke. Ranar Alhamis yakan tara mu mata ya koya mana karatu. Na shiga ne don kada a ce amarya ta ƙi, amma abin ya kama ni da gaske. Abin da ya fara shiga raina shi ne da ya ce Allah ba nesa yake ba, ya san sunan kowa, yana kuma kiran kowa da sunansa. Ni da uwata ba ta kiran sunana, ku yi tunanin yadda maganar nan ta sauka a kaina. Bayan damina aka yi mini baftisma a rafi, na fito ina kuka ina dariya.

Wata Lahadi Malam ya yi wa'azi ya ce ceto ƙofa ɗaya gare shi, Yesu ne, babu ta biyu. Ya ce kowa ya fara da gidansu, don wanda ya ji ya yi shiru ya ci amanar danginsa. Ina zaune a kan bencin nan tunanina ya koma gida. Ba babana na tuna ba, ba ƙanwata ba. Yaya na gani, durƙushe a gindin tsamiya. Unguwarmu ta haihuwa ba mai bisharar da ya taɓa takawa. Daga bakin titi sai an yi tafiyar rabin yini a ƙasa, an tsallake rafi biyu. In ba ni na kai mata ba, ba mai kai mata.

Dama ta zo da kanta. Na samu ciki, kuma haihuwar fari a gidan iyaye ake yin ta. Da cikin ya shiga wata takwas, bayan an gama yankan dawa, aka shirya ni goyon ciki. Na gaya wa Malam niyyata, ya yi mini addu'a. A motar auduga mai zuwa Funtua, wadda ta rage mana hanya zuwa Ƙarfi, ina zaune kan buhuna na yi ta bitar abin da zan ce. Na tsara shi tsaf, farko, tsakiya da ƙarshe. Da muka isa gida na durƙusa na gaida Yaya, sai ta dubi ƙanwata da ta tarbo mu ta ce, "Ki ce wa waccan ta shiga daga ciki, rana ta yi zafi." Duk abin da na tsara a nan ƙofar gida ya zube, na tashi na shiga ɗaki.

Kakata ta riga ta rasu, don haka da na haihu, namiji, wankan jego a kan Yaya ya faɗa. Kwana arba'in, safe da yamma, ita ke tafasa ruwa a babbar tukunya, ta tsoma ganyen runhu ta yi ta fyaɗa mini a jiki har in ga kamar fatata za ta saɓule. Ita ke dama kunun kanwa, ita ke hura wuta a ƙarƙashin gadon ƙasa. Tun da aka yaye ni hannunta bai ƙara taɓa jikina ba sai a lokacin. Ga ta ga ni, ba kowa tsakaninmu sai tururi. Amma fuskarta tana gefe, idona yana ƙasa, ba mai cewa uffan.

Ita ce ta samo hanya. Kun san wasan kaka da jika: jika namiji mijin kakarsa ne. To da jaririn take magana, ni kuma in tsinta. Ta ɗaga shi sama ta ce, "Kai angona, rago, ko fartanya ba ka zo da ita ba. Ka ce wa uwarka ta shanye kunun nan tun da zafi." Ko kuma, "Maigida, ka ce wa uwarka ta bar zama a iska." A kwanakin nan na ji muryarta a kaina fiye da duk shekarun da na yi a duniya. Har labarin haihuwata ta ba shi, yadda naƙuda ta kama ta tana cirar gyaɗa, ta ƙi tashi sai da ta cika kwando. Ina kwance na juya baya ina ji, hawaye na zuba a kan tabarma.

Ni fa? Ni wawiya, hanya tana gabana ban gan ta ba. Abin da ya kamata in yi shi ne in ɗauki yaron nan in ce, "Ka gaya wa matarka," in zazzage duk abin da ke cikina. Ba wanda zai ce na yi rashin kunya. Amma a tunanina maganar Allah babbar magana ce, sai an zauna an fuskanci juna yadda Malam yake yi. Na yi ta jiran ranar da zan iya zama gaban Yaya in dube ta, alhali irin wannan rana ba ta taɓa zuwa ba tun da aka haife ni.

Addu'ata ma ɓoye ta nake yi. Da hantsi, in an gama wanka, sai in lallaɓa bayan rumbunta, in durƙusa tsakanin rumbu da danga in yi roƙona ƙasa-ƙasa. A ganina girmamawa ce, kada in kawo sabon abu tsakar gidan mutane ina ɗaga murya. Kullum roƙon ɗaya ne: Ubangiji, ka buɗe bakina. In tashi in kakkaɓe gwiwa in koma ɗaki da bakin nan a rufe.

Ranar komawa, mijina ya zo ɗaukarmu. Yaya ta haɗa mini daddawa da kuka da kanwa, ta karɓi yaron ta goya shi da kanta, ita da ƙanwata suka rako mu har rafin farko. Mijina yana can gaba da kaya, don ba ya tsayawa kusa da surukarsa. A bakin rafin ta kwance yaron, ta riƙe shi a gabanta ta daɗe tana kallo. Sannan ta ce, da muryar wasan nan tata:

"Angona, zan ba ka aiki. Uwarka kullum tana zuwa bayan rumbuna tana magana da wani. Na kasa kunne ban ji ba. In ka yi baki, ka zo ka gaya mini mi take cewa, da wa kuma take yi."

Ina tsaye taku biyu daga gare ta. Na ji kowace kalma. Ƙanwata ta yi dariya, ni ma na yi, na ja bakin zane na rufe fuska. Zuciyata tana cewa yanzu, yanzu. Na dubi rana na ga ta yi sama, na tuna mota ba ta jira, na ce a raina wannan ba maganar tsaye a bakin rafi ba ce, in an yi kaka zan dawo in zauna sosai. Ta ɗan jira. Na tabbata ta jira, don ba ta miƙo yaron nan take ba. Da ta ji shiru sai ta ba ƙanwata shi, ƙanwata ta ɗora mini a baya, ita kuma ta juya ta kama hanyar gida. Ban ga ta waiwayo ba.

A tsakiyar daminar shekarar, lokacin da rafukan nan biyu suka cika suka hana wucewa, zazzaɓi ya kama Yaya a gona. Kwana huɗu ta yi ta rasu. Kafin ruwa ya janye saƙo ya iso mu, ta kwana shida a ƙasa. Ina tsakar gida ina tankaɗe wani maƙwabcinmu na can ya yi sallama. Da na ga ya ƙi zama ya ƙi shan ruwa, na sani. Yaron a lokacin haƙori biyu gare shi, ba baki.

Na je zaman makoki na dawo. Mutane suna ta ba ni haƙurin rashin uwa, ba su san ba wannan ke cin raina ba. Kowa uwarsa za ta mutu. Abin da ya hana ni ci ya hana ni sukuni shi ne: ina take? Na daina zuwa ajin karatu. In aka ɗauki waƙa a coci a kan gidan da aka shirya mana a sama, sai in ji kamar in tashi in fita. Wane gida? Ni a ciki, Yaya a waje?

Da abin ya ishe ni na bi Malam gonarsa, na same shi yana karyar masara. Ko gaisuwar kirki ban yi ba.

"Malam, tambaya gare ni. Wanda bai taɓa ji ba, ya mutu, ina za shi?"

Ya ajiye kwandon. Ya san da wa nake. Ya ce, "Baiwar Allah, zauna."

"Ba zan zauna ba. Kai ka ce ƙofa ɗaya ce."

"Na ce, kuma ban janye ba. Haka aka koya mini, haka na karanta."

"To Yaya tana wuta ke nan."

"Ban ce ba."

"To tana ina? Ba ta ƙi ba, Malam. Tambaya ma ta yi. Ni ce ban amsa ba. A ƙone ta don bakina ya yi nauyi?"

Ya tsinki ganyen masara yana murzawa a hannu. Sannan ya ce akwai waɗanda suka fi shi karatu da ke cewa wanda bai ji ba ya ɓace, shi ya sa ake gaggawar kai bishara. Akwai kuma masu cewa Allah zai duba kowa gwargwadon hasken da ya samu, kuma jinin Yesu yana iya kaiwa inda ƙafar mai bishara ba ta kai ba. Ya ce shi dai abin da ya tabbata, Mai shari'ar ba ya zalunci, kuma ya fi ni sanin Yaya.

Na ce, "Malam, e ko a'a nake so."

Ya ce, "Ba ni da shi. Da ina da shi da kaina na fara ba. Ubana ya mutu shekara uku kafin mai bishara na farko ya shigo garinmu. Duk sanda na hau keken nan shi nake tunawa."

Na tafi ina jin haushinsa. Na ce a raina, mutum ya yi ta ɗaga murya ranar Lahadi, an biyo shi gona ya ce bai sani ba. Sai da shekaru suka wuce na gane gaskiya ya faɗa mini. Da ya yi mini ƙarya don in ji sanyi, da na gano, da kuma ban ƙara yarda da maganarsa ba.

Akwai wata Bayarabiya mai sayar da atamfa da gishiri a kasuwar Malumfashi, Kirista ce, muna ce mata Mama. Ta ga na rame ta tsare ni sai na faɗi damuwata, na faɗa. Ta ce ita a coci ta tashi, uwarta ma haka, amma kakarta, wadda ta goye ta, har ta mutu abin garinsu take bauta wa. "Ni kullum ina sa sunanta a addu'a," in ji ta. "Fastonmu ya ce ba amfani. Na ce to, Baba, ai ba da kai nake ba." Rabona da dariya tun rasuwar sai ranar. Ban samu amsa a wurinta ba, amma na gane ba ni kaɗai ke ɗauke da irin wannan kaya ba.

Abu ɗaya na gyara da hannuna. Ɗana na fari, sunansa nake kira, da ƙarfi, a tsakar gida, a gaban kowa. Tsofaffin unguwa suka yi ta tafa hannu suna cewa coci ta cire mini kunya. Na ce su faɗi abin da suka ga dama, ni na san abin da kunya ta ci mini.

Ya yi baki da wuri, kamar ya san an ba shi aiki. Kafin ya cika shekara uku ba abin da ba ya faɗa. Da aka gama kaka na goya shi muka tafi gida. Kabarin yana gefen gayaunarta, wadda ta koma saura don ba wanda ya ƙara noma ta. An kife tsohuwar tukunya a kai, ta tsage daga baki. Na gane ta, ta wankan jegona ce.

Na sauke yaron na tsayar da shi a gaban tudun. Na ce masa kakarsa ce a nan, matarsa, ta ba shi aiki tun yana jariri. Na durƙusa a bayansa, fuskata a gefe yadda muka saba, na ce, "Ka gaya wa matarka, wanda uwarka take magana da shi a bayan rumbu, Allah ne. Ka ce mata ba nesa yake ba." Ya maimaita da ɗan bakinsa, rabi daidai rabi a karkace. Na ci gaba. Na faɗi duk abin da na tsara a kan buhunan auduga, farko, tsakiya da ƙarshe: wanda ya zo, da abin da ya sa ya mutu, da tashinsa. Yaron ya gaji a tsakiya ya koma wasa da ƙasa, ni ban tsaya ba. Abin da ya gagare ni kwana arba'in, bai kai tsawon tafasar tukunya ɗaya ba na gama shi, kuma gajartar nan tasa ita ta fi yi mini ciwo. A ƙarshe na ce, "Ka ce mata abin da nake roƙo kullum a can, a kanta ne. Ka ce mata in akwai laifi nawa ne, na kuma gaya wa Allah haka."

Na san matattu ba sa jin wa'azi, ba sai an tuna mini ba. Yau na tsufa. Na binne miji, na binne Malam, na yi karatun da zan iya, na ji masu cewa e da masu cewa a'a, kowa da hujjarsa. Har yanzu ban sani ba. In na durƙusa sai in ce: kai da ka san sunan kowa, ka san nata. Ka ga tukunyar baƙi, ka ji tambayar da ta yi a bakin rafi. A nan addu'ata take ƙarewa.

Amma ranar nan a gayauna, da na gama, yaron ya bar wasansa ya tsaya yana kallon tukunyar, yana jira. Can ya juyo ya ja mini zane.

"Inna, ba ta amsa ba."

Na share fuskata na ce, "Haka take, ɗana. Ni 'yar fari ce, ba ta amsa mini."

Na goya shi muka kama hanyar rafi, ina tafe ina kasa kunne ko zan ji sautin taɓarya a bayana.